Kowa Gobe Zai Tashi: Labarun Tsakar Gida da Nasihohin Shekara Ga Ƴan Haya

Jama'ar gidajen haya na Dogon Dutsi da kewaye, daga Matankari har Kore Mairuwa: Ga labarun tsakar gida, haɗe da nasihohin da za su raka ku daga hunturu zuwa kaka. Kyauta ne. Ku karɓa da hannu biyu, don ba kullum abu ke shigowa gidan haya ba tare da an kira taron raba kuɗinsa ba.

Gidan haya a ƙasar Arewa ba bene ba ne mai hawa goma irin na Abijan ko Legas. Ɗakuna ne a jere, ƙofa na kallon ƙofa, famfo ɗaya, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya, mitar wuta ɗaya, sai dogonyaro guda a tsakiya da kowa ke da'awar inuwarsa amma ba mai da'awar ganyensa. Mazaunansa kuwa hanya ce ta tara su. Garin yana kan babban titin da ya taso daga Yamai, ya ratsa Dosso, ya nufi Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, don haka akwai malamin lakwal da aka turo, da ma'aikaciyar asibiti, da ɗan kasuwa mai kai da kawowa tsakanin nan da Najeriya, da ɗan kabu-kabu, da ɗalibai daga ƙauye. Tun da Tibiri ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, ita ma ta samu rabonta na ma'aikata masu neman ɗaki.

Duk bambancinsu, aƙidarsu ɗaya ce: kowa gobe zai tashi. Mushe, malamin lakwal, yana jiran takardar da za ta mayar da shi Yamai. Ɗan kasuwa yana da fili a bayan gari, ya tara bulo a kai har ƙadangaru sun kafa sarauta a ciki. Hajiyar ɗakin ƙurya ta shigo da goyo, yau goyon nan ana shirin kai masa lefe, amma har yanzu in ka tambaye ta sai ta ce, "Ai mu zaman wucin gadi muke yi, ɗan nan." Wanda zai tashi gobe kuwa ba ya gyara ƙofa yau. Shi ma mai gidan ba ya gyarawa, tun da ba a ciki yake kwana ba. Daga nan duk labarunmu suka samo tushe.

LABARUN GIDA

Takardar wuta ta iso, kuma kamar yadda aka saba, an yi zaman rabo. Ƙa'idar gidan ita ce a ƙirga kayan wutar kowane ɗaki. Ranar ƙirga, gidan nan ya koma zamanin aci-balbal. Dutsen guga ya shige ƙarƙashin katifa. Fanka ta zama kayan ado da aka gada. A wani ɗaki an tarar da wani dogon abu lulluɓe da zanen atamfa, yana gurnani a hankali, yana zufa ta ƙasa. Da aka tambaya, mai ɗakin ya ce, "Haba Malam, wanga ai akwatin littattahhai ne." Ba a taɓa jin littattafan da ke gurnani ba, amma an bar kaza cikin gashinta.

Dattawan gidan sun shaida cewa ba a taɓa samun zaman lafiya irin na bayan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar sakamakon juyin mulkin 26 ga Yuli. Wuta ta zama baƙuwa, sai maƙwabta suka zama ƴan'uwa: ana hira a duhu, ana tsine wa zafi da murya ɗaya. Da aka maido ta a Maris 2024, ƙasashe biyu suka fara shiryawa, ɗakuna takwas suka koma fagen daga.

Kuɗin famfo kuma da kawuna ake raba shi. Wannan ya haifar da wani jinsin ɗan Adam da ba ya cikin kowace ƙidaya: baƙon kwana biyu. Ya zo tun ana yankan hatsi, ya yi azumi da mu, ya san sunan kajin gidan ɗaya bayan ɗaya, yana wanka safe da yamma, amma ranar lissafi sai yayansa ya ce, "Ƙanena ne, jibi zai koma Geceme." Jibin nan ta ƙi zuwa. Ana zargin ta haɗu da goben mazauna gidan a hanya, sun tsaya hira.

Daga sashen aro kuwa, ana sanar da cewa cajar wayar gwauron bakin zaure ta kammala zagayen ɗakuna duka ta dawo ba kai. Gishiri, barkono da garwashin wuta na ci gaba da fita da sunan aro, kuma har yau tarihi bai rubuta wanda ya taɓa mayar da garwashi ba.

HUNTURU

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska za ta riƙa kawo mana ƙura daga arewa ba tare da neman biza ba. Nasiha ta farko ta shafi shara. Al'adar gidan ita ce kowace mace ta share gabanta, ta tura abin da ta tara daidai iyakar maƙwabciyarta, ita ma ta tura gaba. Kafin azahar ƙurar ta zaga gida ta dawo inda ta fito, kowa ya gaji, ba abin da ya fita waje. Kwandon shara bai kai kuɗin katin waya ba. A saya.

Ta biyu: an lura cewa a wannan lokaci layin makewayi yana gajarta da safe, turaren wuta kuma yana ƙara kasuwa. Ba mu tuhumi kowa ba. Amma mai shigar da kaskon gawayi ɗaki ya rufe ƙofa da taga ya kwanta, wannan ba raha a cikinsa: gubar da ke cikin hayaƙin gawayi ba ta wari, ba ta sallama, kuma tana kisa. A ji ɗumi a waje, a kashe wuta kafin barci.

Ta uku: lokacin kokowar Takobi ne, gasar da Nijar ke yi tun 1975. Mai talabijin zai ga ƙauna irin wadda bai taɓa gani ba. Wanda bai gaishe shi ba tun Salla zai zo da tabarmarsa, ya zauna gaba, ya riƙa koya wa Isaka Isaka na Dosso yadda ake kayar da mutum, alhali shi guga ɗaya na ruwa sai ya huta sau biyu kafin ya kai ɗaki. Mai talabijin ya more wannan sarauta, amma ya sani duk waɗannan masoya su ne shaidu a kansa ranar rabon kuɗin wuta.

Ƙarshen hunturu ne dankalin Turawa ke fitowa daga lambunan Tapkin Sao. Mai cewa albashi bai shigo ba ya guji soya shi da albasa. Hanci ba ya karɓar uzuri.

BAZARA

Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano ya zama tanderu. Wannan ne lokacin da gida duka ke kwana a tsakar gida, kuma a nan ake gane gaskiyar kowa. Za a san mai munshari, da mai magana cikin barci, da wanda ake bugo wa waya ƙarfe biyu na dare yana amsawa da "na'am, Alhaji" cikin murya mai laushin da ba a yi wa Alhazai. Za kuma a ga mutumin da ya sa aka gaya wa mai gida ya yi tafiya Gaya, kwance a kan tabarma, ya rufe fuska da hula.

Rabon fili yana da doka, ko da ba a rubuta ba. Gindin bishiya na wanda ya fi daɗewa ne. Bakin makewayi na sabon shiga. Kada sabon shiga ya yi fushi. In ya yi haƙuri na shekara goma, yana jiran tashi gobe, shi ma zai kai gindin bishiya.

A wannan lokaci ne akwatin littattafan nan ke fara haihuwar ƙanƙara, ana sayarwa dala biyar-biyar. Waɗanda suka yi rantsuwa za su kai ƙarar mai shi su ne farkon layi da kofi a hannu. Nasiha: a sha, a gode, a ajiye batun har Nuwamba.

Sai dai zafi da ƙura da cunkoso abokan sanƙarau ne, kuma ƙasarmu tana tsakiyar yankin da cutar ke yawan ɓulla. Yaro ya yi zazzaɓi, wuyansa ya sandare, a nufi asibiti nan take. Kada a tsaya taron likitocin tsakar gida, inda kowa ke da maganin da ya warkar da ƙanwar kakarsa.

DAMINA

Ga babban gwaji. Duk wanda ya zauna a Dutsi ya san ruwan da ya sauka a kan tuddan da ke kewaye da gari ba ya zama a can yana kallon Tozon Bijini. Gangarowa yake yi, kuma yana da adireshin kowane gida da magudanarsa ta toshe. Tun Afrilu kowa ya ga leda da toka sun cike tamu. Kowa ya tsallake. Ranar da ruwan farko ya sauka cikin dare, sai ga maza takwas da fitilar waya, wando a naɗe, kowa na ba da umarni, ba mai riƙe da shebur. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu har mun hau mota muke tambayar inda aka shuka duma.

Kwanon rufi kuwa yana yoyo a daidai inda ya yi bara. An kira mai gida.

"Alhaji, ɗaki na zuba."

"Subhanallahi! Yanzu ana ruwa, wa zai hau kwano? Bari a ɗauke."

Da aka ɗauke, aka sake kira.

"To yanzu yana zuba?"

"A'a, Alhaji."

"Alhamdu lillahi. Ka ga Allah ya kawo sauƙi."

Don haka kowane ɗan haya ya tanadi roba uku da tukunya ɗaya, ya kuma koyi kwana a karkace.

Game da gidan sauro: an raba shi ne don mutane. An gan shi ya zama shingen zogale, ya zama ɗakin ƴan tsaki, ya zama ragar ƙwallon yara. Zogalen gidan nan bai taɓa zazzaɓi ba, masu shi ne ke kwance. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara daga wata 3 zuwa shekara 5 suka ƙwanƙwasa, a buɗe. Ba mai gida ba ne ya canja murya.

Ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai da dashen itatuwa, Mushe zai kawo ɗan mangwaro ya dasa, a ɗauki hoto, a saka a WhatsApp. Ranar 4 ga Agusta akuyar Hajiya za ta kammala bikin. Kuɗin haya kuma daga Yuni zuwa Satumba amsarsa ɗaya ce a kowane ɗaki, har ɗakin wanda bai taɓa riƙe hauya ba: "Sai kaka."

KAKA

Ga kakar ta zo, ta zo kuma da rakiya. Lakwal ta buɗe a Oktoba, yara na neman littafi da takalmi. Dangi sun aiko da damin hatsi guda, tare da yaro biyu da za su zauna karatu. Bukukuwan aure sun tashi, an kafa rumfa ta toshe ƙofar gida, lasifika na aiki har asuba. Sannan ga Alhaji mai gida, wanda ƙafarsa ta hana shi zuwa duba kwano tun Yuni, ya warke sarai, ya iso da sassafe da ɗan littafinsa. Kaka maganin ciwon ƙafa ce, likitoci su bincika.

Ita babbar Salla ba ta da lokaci tsayayye, amma duk sa'ad da ta faɗo, dokarta ɗaya: kada ka ɗaure ragonka kusa da wanda ya fi shi. In aka jera su a kan tsinke kewaye da wuta, kowa zai ga abin da kowa ya yanka, kuma mai bin ka bashi ya iya ƙirga haƙarƙari.

SHAWARAR KWAMITI

A 1899 Sarauniyar Lugu ta tsaya gaban rundunar Voulet da Chanoine da bindigoginsu, a nan ƙasar tamu. Yau ga mazaje takwas a ƙasar Sarauniya sun kasa tsayawa gaban magudana guda. Abin da aikin ke buƙata buhun siminti ne, da shebur na aro, da safiyar Asabar ɗaya. In an raba kuɗin gida takwas, bai kai abin da kowannenmu ke zubarwa a shayin fada cikin wata ba. A rubuta abin da aka kashe, a nuna wa Alhaji da ladabi, a roƙe shi ya cire daga kuɗin haya. In ya yarda, madalla. In ya ƙi, aƙalla katifarka ta kwana a bushe, kuma katifar taka ce, ba tasa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ɗakin na Alhaji ne, amma shekarun da kake ƙararwa a cikinsa ba wanda zai mayar maka da su ranar da ka miƙa makulli.

Cigiya: tsintsiyar makewayi ta ɓata tun makon da layin shara ya faɗo kan ɗaki na uku. Wanda ya gan ta ya gaya mata an yafe.

Taro na gaba ranar Asabar bayan la'asar, a gindin dogonyaro. Batu ɗaya ne: siminti. Kwamiti ya riga ya yanke cewa duk wanda bai halarta ba, shi jama'a suka zaɓa, ba hamayya, shugaban wankin makewayi na shekara guda.