Ranar Da Na Soya Kuɗi

A Gene, kan hanyar Kandi zuwa Malanbil, kowa ya san aikin dillali. Ranar kasuwar shanu zai riƙo hannun mai saye da na mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ya tari na gaba. To, haka ƙarfen nikel yake yi a masana'antar bota. Man gyaɗa yana zama ruwa-ruwa ne saboda a wasu gaɓoɓinsa ƙwayoyin kabon na riƙe da juna da ɗauri biyu. Iskar haidirojin in ta sauka a kan nikel sai ta rabu biyu, man ma ya kwanta a gefenta, ɗauri ɗaya ya saki ya cafke haidirojin, man ya daskare, nikel kuwa bai ragu da komai ba. Sabatier da Senderens ne suka gano dabarar a Faransa a 1897 da iskar etilin, Wilhelm Normann na Jamus ya gwada ta a kan mai a 1901.

Duk wannan na haddace shi tun ina makaranta. Shi ya sa na ga asara ce in riƙa sayen Blue Band a Malanbil alhali uwargida tana matse gyaɗa a tsakar gida. Tana tafiya barka na juye man da ta tara na kasuwa a tukunya, na watsa sulallan dala ashirin-ashirin, don an ce akwai nikel a jikinsu, na iza wuta.

Sulalla suka kwanta a gindin tukunya suna kallona. Ashe nikel ɗin masana'anta gari ne lukui, don fuskarsa ta yi yawa, tukunyarsu kuma a toshe take gam. Haidirojin kuwa, wanda shi ne mai sayen, ko tuna shi ban yi ba. Mai ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe gida, maƙwabta suka shigo da bokitai suna salati.

Uwargida ta dawo, ta leƙa tukunya, ta sa matsami ta tsamo sulalla.

"Malam, yau kuma kuɗi kake soyawa?"

Ta ƙulle su a bakin zane, wai somin taɓi ne na kuɗin manta. Kafin magariba unguwa ta ɗauka ina ninka kuɗi. Washegari wani dattijo ya yi sallama, ya miƙo mini jaka guda, ya ce in taimaka in soya masa, amma kada ta ƙone.