Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Turi

Dayton, Jihar Ohio, Amurka.
Watan Janairu.

Zuwa ga taubashina ɗan Gwaggo, Sarkin Turi na unguwarmu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da tambayar lafiyar Gwaggo, da uwargida da amarya, da yara manya da ƙanana, ina sanar da kai muna nan lafiya cikin ni'imar Allah, sai fa sanyi, wanda ba zan ɓata takarda wajen siffanta maka shi ba, domin mutumin da hunturun Kano ke sa shi kwana da bargo biyu da kaskon wuta, in aka ce masa akwai ƙasar da ruwan alwala ke zama dutse a cikin buta idan ya kwana a waje, sai ya kwanta zazzaɓi saboda jin labarin kawai.

Amma ba'adu. Labari ya iso mini ta hanyoyi dabam-dabam, har ya kai matsayin mutawatiri wanda ba a tuhumar maruwaitansa da haɗa baki, cewa Fijo 504 ɗin nan taka, wadda aka haɗa a Kaduna tun muna 'yan makaranta, wadda kuma ta yi wa zuriyarmu hidimar da ta cancanci a saka mata da alheri, har yanzu ba ta da kik, kamar yadda na baro ta. An ce kullum da magariba kana kai ta gangaren bayan masallaci ka juya hancinta ƙasa. An ce 'yan majalisar ƙofar gida, da zarar sun ji ƙarar makullanka, kowa sai ya tuna yana da uzuri a cikin gida. An ce har almajirai sun sauya hanyar bara, sun gwammace su zaga ta lungun mahauta da su gifta ta gabanka. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na ranar ɗaurin auren 'yar Kawu, da aka ce abokan ango sun fito da manyan riguna sun sha shuni da turare, ka jera su a bayan but kana leƙowa ta taga kana cewa su ƙara ƙarfi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala shi ne, a farkon hunturun nan tsohuwar motata ta wayi gari da irin ciwon taka: na murɗa makulli, fitilun gaban direba suka kama, na ji ƙas sau ɗaya daga ƙarƙashin bonet, daga nan shiru. To, a ƙasar nan turi ba shi da kasuwa, saboda galibin motocinsu otomatik ne, irin waɗanda ko an tara musu samarin Fagge da na Gwammaja sun tura su har Wudil ba za su tashi ba, tun da ba su da kulocin da za a saki a giya ta biyu tayoyi su juya inji. Ga shi babu majalisa a ƙofar gida, kowa na cikin ɗaki ya rufe. Ga shi bakanike a nan da agogo yake aiki, ladan awa ɗaya yakan haura dala 100, ban da kuɗin motar da za ta jawo taka zuwa gareji. Allah Ya taimake ni da wani dattijo maƙwabcina, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar motoci, ya fito da akwatin sufanunsa ya tsaya a kaina har aiki ya kammala, kuma abin da na koya a hannunsa shi nake so in isar maka, don kada ya zama na ɓoye ilimin da zai 'yantar da unguwa guda.

Farkon abin da ya hana ni shi ne gaggawar tuhumar kik, domin a cewarsa sau da yawa batir ke yin laifi a kama kik. Ba a yanke hukunci sai an saurari shaidu, babban mai shaida kuwa kunne ne. Idan ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilu suna dusashewa, to batir ne ya yi rauni, ko kuwa kan batir ya yi farin gari ya hana wuta wucewa. Idan ƙas ɗaya ka ji mai ƙarfi, fitilu na nan tangaram, zargi ya koma kan kik, ko salanoid ɗinsa ko burushin da ke cikinsa. Idan ka ji yana gudu fiii amma inji bai motsa ba, bendis ne ya kasa kamawa. Idan kuwa ƙara ce irin ta injin markaɗe da aka zuba wa tsakuwa, haƙora ne ke cin juna, wannan kuwa ba a yi masa jinkiri, don in haƙoran fulawil suka ƙare sai an sauke giyabos kafin a kai gare su. Muka sa ma'aunin lantarki a batir: cikakken batir yakan nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba sosai a lokacin da ake tayar da inji. Nawa ya tsaya da ƙafarsa, duk da sanyin da ke rage wa batir ƙarfi ya kuma daskarar da baƙin mai, sanyin da saboda shi ne masu ƙera batir a nan suke rubuta a jikinsa yawan wutar da zai iya bayarwa cikin daƙiƙa 30 a digiri 18 ƙasa da sifili. Da haka hujja ta tsayu a kan kik.

Ka san, ya ɗan Gwaggo, garin nan da Allah Ya ajiye ni shi ne mahaifar kik, abin da ya sa nake jin nauyin mas'alarka fiye da kowa. A farkon zamanin mota da hannu ake tayar da inji, a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaba a wana da ƙarfin tsiya, shi kuwa in inji ya yi gardama ya juyo baya, yakan karya hannu ko haƙarƙari. Ana ruwaito cewa a 1908 wani mai ƙera motoci, Byron Carter, ya tsaya a Detroit don ya taimaki wata mata da motarta ta mutu, ƙarfen ya dawo ya karya masa muƙamuƙi, ciwon ya zama ajalinsa, abin da ya girgiza Henry Leland, shugaban Cadillac, har ya ƙudurta sai an samo wata hanya. Wanda ya warware matsalar shi ne Charles Kettering, injiniyan da ya yi aiki a kamfanin National Cash Register na nan Dayton, inda ya ƙera ɗan ƙaramin injin lantarki mai buɗe akwatin kuɗin kanti. Masana na lokacin suna ganin injin lantarkin da zai iya juya injin mota lalle ne ya yi girman da mota ba za ta ɗauka ba. Shi kuwa ya lura cewa ƙaramin inji yana iya ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsa, muddin na 'yan daƙiƙoƙi ne sannan ya huta. Cadillac ta 1912 ta fito da kik ɗinsa, Ford ya bi sahu a 1919, rumfar da shi da abokinsa Edward Deeds suka yi aikin a ciki tana nan an adana ta a gidan tarihi na Carillon, akwai ma gari guda a gefenmu mai sunan Kettering. Ashe ke nan mutane sun yi jini da gumi sun fitar da duniya daga wannan wahala fiye da shekara ɗari da suka wuce, kai kaɗai ka tattara unguwarmu ka mayar da ita kafin 1912.

Hikimar Kettering ɗin nan ita ce har yau sirrin kik, kuma ita ce dalilin mutuwar naka. Idan ka murɗa makulli, 'yar siririyar waya ce ke kai wa salanoid umarni, shi kuma ya yi aiki biyu a lokaci ɗaya: ya tunkuɗa ɗan ƙaramin giya mai haƙora wajen 9 ko 10 ya shiga cikin haƙoran fulawil, waɗanda suka haura 100, ya kuma haɗa babbar waya da ke zuwa kai tsaye daga batir, wuta mai yawan amfiya 100 zuwa 200 ta kwarara ta juya amaca. Da inji ya kama, ɗan giyan sai ya saki ya koma mazauninsa. Abin da aka gina don aikin daƙiƙa 10 ko 15, sannan a bar shi ya huce, na sha ganinka ka danne shi kana ta zuba wa fasinja labarin siyasa har hayaƙi ya fito.

Ga yadda muka yi, kuma tartibi a nan wajibi ne. Kafin komai na cire agogo da zobe, muka kwance kan batir na nagatif, wanda aka yi wa alamar ragewa, saboda duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da shi, ita kuwa babbar wayar kik kullum da wuta a cikinta ko makulli na aljihunka, ta yadda in sufana ta taɓa ta ta taɓa jikin inji, tartsatsin da zai tashi ya isa ya narka zobe a yatsa. Sannan muka tare tayoyi, muka ɗaga mota da jak, muka tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Ina roƙonka don Allah, kada ka taɓa shiga ƙarƙashin mota ka dogara da jak kaɗai, ko bulon siminti, domin wannan jefa kai ne ga halaka, ba wasa a ciki. Kik yana zaune inda inji ya haɗu da giyabos. Aka kwance notin babbar waya, aka zare ƙaramar, sannan aka fuskanci kusoshi biyu da suka ɗaure shi, wasu motocin uku ne. A nan aka sha fama, saboda gishirin da hukuma ke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana sa kowace kusa ta yi tsatsa ta kafe. Dattijon ya fesa musu mai, ya ce mu shiga mu sha shayi, domin kusar da aka yi wa ƙarfi takan karye a ciki, aikin awa ɗaya ya zama na mako. Da muka dawo suka kwance salin-alin. Ka tallafe shi da hannu kafin kusa ta ƙarshe ta fita, don ya fi yadda ido ke ganinsa nauyi.

Sabon kik ɗin da na sayo a kanti kuwa ba a ɗaura shi sai an ajiye shi kusa da tsohon an gwada: ramukan kusa, tsawon hanci, yawan haƙora, da wurin shigar waya. Aka goge fuskar da zai zauna a kanta har ta yi haske, domin ta jikinsa wuta ke komawa batir, datti ko tsatsa a wurin sai su sa sabon kik ya yi ta nishi kamar tsoho. Kusoshi da yatsa ake fara ɗaura su, don zare ya hau daidai, sannan a bi da sufana. Notin babbar waya kuma a tausasa masa hannu, saboda abin da yake hawa tagulla ce a cikin roba mai saurin fashewa. Kan batir shi ne ƙarshen abin da aka mayar. Na yi bisimilla na murɗa makulli, inji ya tashi tun ban saki ba, na yi hamdala. Tsohon na mayar wa masu kanti, suka dawo mini da kuɗin jingina da suka riƙe, domin al'adarsu ce su tattara tsofaffi a kai masana'anta a sabunta.

A nan ne na tuna masu wayarin na gida, na ƙara ganin girmansu. Abin da a nan ake cirewa ɗungurungum saboda tsadar hannu, yaro ɗan shekara 15 a Ƙofar Ruwa zai warware shi a kan buhu, ya sauya burushi da bushin, ya goge amaca da sanfefa, ya gwada maka shi a batir kana tsaye, a kuɗin da bai kai abin da kake kashewa a goro da tsire a mako ba. Kai da ke zaune a tsakiyar wannan ni'ima ba ka da uzuri ko na anini. Kuma ka daina dukan cikin kik ɗin da guduma da aka ce kana sa ɗanka yana yi. Dukan yakan girgiza burushi ya tashi sau ɗaya ko biyu, amma ba magani ba ne, kik na zamani ma maganaɗisu ne a cikinsa, bugu ɗaya sai ya tsage.

Yanzu bari in ajiye wasa. Maƙwabci yana da haƙƙi, wanda ya tura ka yau don kunya, ya tura gobe don zumunci, jibi da ƙunci a zuciyarsa zai tura, ba na kuwa so a ce ɗan Gwaggo ne ake gudu. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne Gwaggo: shekaru sun ja, hawan jini na nan, kuma motarka ce kaɗai a gidan. Idan larura ta taso da ƙarfe biyun dare, ana ruwa, wa za ka tasa ya tura? Wannan tunanin yakan hana ni barci a nan, ina nesa ba abin da zan iya.

Saboda haka na aika da kuɗin gyara ta hannun uwargida, don na san in suka biyo ta aljihunka sai sun tsaya gaisawa da mai kilishi. A fara gwada batir, a wanke kawunansa, sannan a kwance kik a kai wa mai wayarin. In ya ce ya wuce gyara, a sayi na Beljiyam mai kyau, a tafi da tsohon don a gwada su. Ranar da aka gama ka kira ni, ka kara wayar a bonet in ji tashinta da kunnena, Gwaggo kuma ta yi shaida, don shaidarka kai kaɗai ba ta karɓuwa a wannan shari'a. Maganar kuɗin shara na bana tana nan, ban yafe ba, sai mun haɗu.

Ka gaishe da Kawu, da Liman, da dukan 'yan majalisa, ka ce musu sauƙi na nan tafe in Allah Ya so. In an sami mai zuwa, a aiko mini da daddawa da kuka da yajin Gwaggo.

Wassalam. Naka har kullum,
Taubashinka.