Alhaji Ya Tafi Shan Iska a Mambila

Wani sabon ciwo ya kama masu hali na Kano da Kaduna da Abuja, sunansa gajiya da hayaniyar birni, kuma an ce maganinsa yana kan tsaunin Mambila. Da an doshi hutun ƙarshen shekara, sai ka ji Alhaji yana shelanta wa 'yan majalisa cewa zai kwashi iyali su je karkara su sha iska. Wannan Alhajin fa rabonsa da kwana a ƙauyen da aka binne cibiyarsa tun rasuwar kakarsa, hujjarsa kullum wai can ba wuta, ba sabis, ba ruwan famfo. Ga shi yanzu zai zuba kuɗi masu tsoka, ya kwana a hanya, don ya je jihar Taraba ya sami rashin wutar da rashin sabis ɗin. Na garinsu kyauta ne, shi ya sa ba ya magani.

Shirin tafiyar ma abin kallo ne. An sayi takalmin hawan dutse mai igiya har idon sawu, an sayi sanda mai tsinin ƙarfe da jakar goyo mai aljihu barkatai, duk don mutumin da ko masallacin unguwa a mota yake zuwa. Hajiya kuwa ta ji an ce abincin ƙauye za a ci, don haka ta cika kula da soyayyun kaji, ta haɗa da dambun nama, da yaji, da katan ɗin taliyar yara, da lemon kwalba. Sai ka rantse gudun hijira za a yi.

Daga Jalingo zuwa Bali zuwa Serti kowa jarumi ne, kiɗa na tashi, ana ta raha. A Mayo Selbe, gindin tsaunin, labari yake sauyawa. Titi ya fara nannaɗe dutse, kwana bayan kwana, gefe guda bango, ɗaya gefen rami wanda ba a ganin ƙarshensa, ga hazo ya sauko ya rufe gaba. Nan za ka ji an kashe waƙa ba tare da wani ya ce a kashe ba. Alhaji ya fara yafe basussukan da ya yi shekaru yana bi, Hajiya ta tuna da ramuwar azumi. To, kowa ya tuba don wuya ba lada, domin da an kai sarari, an hango koren tuddai da shanu suna kiwo, bashi yana nan daram.

A gaskiya wurin ya cancanci wahalar. Tudun Mambila ya kai kusan mita 1,600 daga doron teku, ciyawa shimfiɗe har iyakar gani, ga dogayen itatuwan turare sun yi layi a bayan gari. Gembu ce hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, kuma yankin duka bai zama Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Shi dai Alhaji tarihi bai dame shi ba. Tambayarsa ta farko da ya sauka a masauki ita ce:

"Malam, a ina ake samun sabis?"

"Ranka ya daɗe, sai ka hau wancan tudun, kusa da shingen shanu. Wani lokaci yana zuwa bayan la'asar."

Wanda ya gudo daga hayaniyar waya, ga shi can a kan tudu ya ɗaga hannu sama yana juyi, Fulani makiyaya suna wucewa suna yi masa sannu da aiki.

Da dare sanyi yake karɓar mulki. Bakano yana ganin ya san sanyi tunda ya sha hunturu, amma na Mambila da danshi yake zuwa, ya ratsa bargo ya ratsa suwaita ya zauna a ƙashi. Mai masauki ya hura wuta a murhu, kowa ya kewaye yana cewa wannan ita ce rayuwa. Bayan minti ashirin hayaƙi ya sa idanu sun yi jawur, yara sun fara kukan a kunna musu talabijin, Alhaji ya tambaya ko za a tayar da janareta. Aka tuna masa cewa shirun ya biya. Wani ya ce ai nan ne za a gina madatsar da za ta ba da megawat 3,050, sai mai masauki ya yi dariya ya ce tun yana yaro yake jin zancen. Da asuba kuwa, mutanen da ba su taɓa buɗe babin taimama ba suka zama malaman fiƙihu nan take, har sai da yaron masauki ya kawo ruwan zafi a buta ya kashe muhawarar.

Wajen cin abinci abin ya fi armashi. An kawo tuwon masara da miyar ganye, da kazar gida mai taurin nama, da kindirmo mai sanyi a ƙwarya, man shanu yana yawo a sama. Hajiya ta ɗauki hoto ta sama, ta ɗauka ta gefe, ta sa aka matsar da ludayi, ta sake ɗauka. Ta yi wa 'ya'yanta jawabi cewa wannan abinci ne mai tsabta wanda ba sinadari. Irin wannan tuwon ne fa surukarta ke aiko mata da garinsa daga ƙauye, ta miƙa wa mai gadi. Ta yi loma uku, ta yaba, sannan ta yi wa 'yar aiki raɗa a ɗauko kula.

"Baba, wannan kazar ai ta yi tsufa," in ji Alhaji, yana kokawa da cinya.

"Alhaji, ba tsufa ba ne. Ita kullum tana hawan tudun nan."

Washegari ranar yawon tsauni ce. Alhaji ya riga ya faɗa wa majalisa cewa zai taka Chappal Waddi, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya, mita 2,419, can cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a kan iyakar Kamaru. Da jagora ya bayyana masa cewa tafiyar kwanaki ce a ƙasa, ana kwana a tanti, sai ya tuna likita ya hana shi wuce gona da iri. Aka sasanta a kan tudun bayan masauki. An ɗaure takalmi, an riƙe sanda, an fara hawa da kabbara. Kafin a yi nisa numfashi ya fara fita da ƙara, sabon takalmi ya tayar da bororo a dunduniya. Ana cikin haka wata tsohuwa ta zo ta wuce su da silifas, dakon itace a ka, jika a baya, har ta sami sararin tsayawa ta tambaye su ko lafiya. A nan aka yi zango. Alhaji ya dafa sanda, ya ɗaga haɓa, ya kalli nesa, aka ɗauki hoton ta yadda rufin masaukin ba zai fito ba. Sauran hanyar ɗan acaɓa ne ya ƙarasa ta.

An leƙa gonar shayi ta Kakara, inda yara suka gano cewa ganyen shayi a jikin itace yake fitowa, ba a kanti ba. Hajiya ta shiga tsakiyar gonar da sabon mayafi, ta riƙe ganye biyu tana murmushi, masu tsinka na gaske suna jira ta gama su ci gaba da aiki. A kasuwa kuma Alhajin da ya biya kuɗin ɗaki bai ce uffan ba ya tsaya ya yi rabin awa yana taya fiya da ayaba a hannun wata yarinya, yana cewa kada a mayar da shi baƙo.

Ana saukowa inda sabis ya kama, hotuna suka fara zuba a WhatsApp da Facebook, kowanne da rubutun natsuwa da godiyar Allah. Ba a sa na mai tausa da aka kira ya gyara ƙugun Alhaji ba, ba a sa na murar da ta kwantar da gidan mako guda ba. A majalisa tudun bayan masauki yana ƙara tsawo kullum, har ya fara leƙa Kamaru. Maƙwabcinsa da abin ya tsaya wa a rai tuni ya fara tambayar kuɗin zuwa Obudu a jihar Kuros Riba, don an ce masa can akwai keken da ke rataye a waya yana kai mutum har saman tsauni yana zaune.