Babarbare zai ƙera wa Chadi waya

Bawana Babarbare, labari ya iske ni tun ban gama tsallake gadar Ngueli ba. Wai ka tara jama'a a rumfarka ta kasuwar Dembe kana cika baki za ka ƙera wa Chadi tsarin waya nata na kanta, ka kuma bar masa ƙofa yadda kowace manhajar Android za ta shigo ta yi aiki. Kai da sai jikanka ya buɗe maka WhatsApp!

Zauna Bafulatani ya karantar da kai. Tsarin waya kasuwa ce: mai saye ba ya zuwa sai da masu kaya, masu kaya ba sa kafa rumfa sai sun ga masu saye. Dabararka ita ce ka aro 'yan kasuwar maƙwabci, kuma an riga ka. A 2013 BlackBerry ta fito da BlackBerry 10 mai karɓar manhajojin Android. Masu rubuta manhaja suka ce madalla, tunda wadda muka yi wa Android tana tafiya a can, me zai sa mu sake wahala? Sai dai tafiyar da ɗingishi, domin da yawansu sun jingina da Google wajen taswira da isar da sanarwa, Google kuwa ba ya cikin abin da aka aro. Ba a fita 2015 ba BlackBerry ta miƙa wuya ta fitar da Priv, wayar Android tsantsa. Microsoft ma, duk kuɗinta, ta buɗe wa manhajojin Android hanya a Windows 11, ta rufe a Maris 2025.

Na san za ka ce Huawei fa? To, ita bayan takunkumin Amurka na 2019 ta lallaɓa da manhajojin Android a HarmonyOS har ta tsaya da ƙafarta, sannan ta yanke alaƙar a 2024. Amma bayanta akwai kasuwar Sin gaba ɗaya. Kai bayanka wa? Yaran shagonka biyu, ɗaya ma barci yake yi.

Ka manta abin da ya faru a nan N'Djamena daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, da aka toshe WhatsApp da Facebook? Ba wanda ya tambayi sunan tsarin da ke cikin wayarsa. Mai layin Airtel da mai na Tigo duk VPN suke nema, kai kuma kana gaba, da rawaninka, kana roƙon yara su saka maka "bipiyen".

In dai ka nace, ni ba zan hana bawa buri ba. Na ma yi maka rangwame, zan zama mai sayen farko, bashi, mu cire daga kuɗin nonon da kakanka ya sha wa kakana bai biya ba.