Yadda Ake Tayar da Sabar Alhaji Ba Tare da Gyaran Gangar Auzinawa Ba

Kiran yakan zo kafin ka gama shan koko. Ko dai mai kantin magani ne a wani lungu bayan Kasuwar Kurmi, ko mai makarantar kuɗi a Yakasai ana gobe raba sakamakon jarrabawa. Maganar ɗaya ce: "Injiniya, abin nan naka ya ƙi tashi." Muddin rumbun bayanan yana aiki na Alhaji ne. Ranar da ya mace ya zama naka.

Kada ka yi gaggawa. Injiniyan da ya iso cikin minti goma ya nuna ba shi da wani aikin, kuɗinsa kuma ya ragu. Sauka daga adaidaita sahu a bakin titi, ka ƙarasa lungun da ƙafa, rataye da jakar wayoyin da ba za ka taɓa ko ɗaya ba.

Da shigarka ka tambayi wanda ya taɓa kwamfutar. Kowa zai rantse. Bar su da rantsuwarsu, ka leƙa bayan tebur. Idan ka ga cazar yaron shago a inda filogin sabar yake jiya, rabin bincike ya ƙare. Sauran rabin yana cikin UPS ɗin nan da batirinsa ya mutu tun azumin bara, ake ɗora fulas ɗin shayi a kansa. An ɗauke wuta MySQL, wato rumbun bayanan, yana tsaka da rubutu. Yana da wani kundi da yake bi ya gyara abin da ya bari rabi da rabi, in dai an ƙyale shi ya gama. To ba a ƙyale shi. Yaro ya ga shiru, ya danne maɓallin kashewa, ya kunna, ya sake dannewa, yana taimako.

Yanzu ga sirrin sana'ar, ka riƙe shi da kyau: na'urar tana rubuta abin da ke damunta. In XAMPP ne, akwai fayil mai suna mysql_error.log a cikin jakar data, layukansa na ƙarshe su ne ƙorafinta na yau. Sai dai kada ka karanta shi a gaban jama'a. Ranar da Alhaji ya gane maras lafiyar da bakinta take faɗin ciwonta, ranar za ka koma "yaron nan mai kwamfuta". Karkatar da allon, ka ɗaure fuska, ka ce "hmm" sau biyu, ka nemi ruwa mai sanyi.

Sau da yawa za ka tarar cewa take yi wuri ya ƙare. Je ka duba. Shirin Labarina ne tun daga zango na farko, da Izzar So, da finafinan Indiya masu fassara, a ɓoye cikin wata jaka da aka raɗa wa suna "Takardun Alhaji". Rumbun bayanai ba ya tashi in babu inda zai rubuta ko harafi ɗaya. Kwashe finafinan zuwa filashinka, don amana, ka sake kunnawa. Ka dubi yaron shago ido cikin ido, kada ka ce komai. Daga yau shayinka kyauta ne.

Wani lokacin ƙofa aka tare mata. MySQL ta ƙofa mai lamba 3306 yake sauraron masu nemansa, biyu kuma ba sa zama a ƙofa ɗaya. Ɗan ƙanen Alhaji da ke karatun kwamfuta ya zo hutu ya saka nasa don aikin makaranta, shi ne ke riga naka tashi. Kashe nasa. In kuwa PostgreSQL ne, mai lamba 5432, yakan bar wani ɗan fayil, postmaster.pid, kamar mutumin da ya shimfiɗa darduma a sahun gaba ranar Juma'a ya fita: wuri a kame, mai shi ba ya nan. Tabbatar da gaske ya tafi, babu wani ɓangaren sabar da ke raye, kafin ka naɗe dardumar.

Sai babban tarkon. Za ka ci karo da wani bawan Allah a intanet yana cewa goge fayil ɗin ibdata1 kawai, yanzu za ta tashi. Bai yi ƙarya ba, tana iya tashi garau, babu ko tari. Sai ka nemi bashin da Alhaji ke bin mutane tun daga Mandawari har Jakara, ta ce ba ta san zancen ba. Idan cikin masu bashin akwai surukinka, wannan kuma tsakaninka da Allah. In babu, kwafe jakar data sukutum zuwa wani wuri kafin ka taɓa komai. Sannan ka rubuta innodb_force_recovery a fayil ɗin my.ini, ka fara daga 1 kana hawa a hankali. Matakan shida ne, daga 4 zuwa sama suna iya lalata bayanai har abada, don haka da ta buɗe ido ka kwashe komai da mysqldump, kada ka tsaya karɓar gaisuwa.

Ana wannan jiran Alhaji zai tsaya a kanka yana jan carbi da sauri. Ba shi labari. Ka ce wani mutumin Finland, Michael Widenius, shi ya sa wa MySQL sunan 'yarsa My a 1995, da ya sake gina wani a 2009 ya kira shi MariaDB don ƙanwarta Maria, kuma shi ne ma ke cikin XAMPP na yanzu. Alhajin da ya rubuta sunan autarsa a allon kanti zai ce, "Ashe mutumin kirki ne." Ka samu minti biyar.

Daga nan ka tambayi ajiyar ko-ta-kwana. Za a jawo durowa a miƙo maka filashi ɗaure da kyauron roba, ka buɗe ka ga hotunan biki. Kada ka yi faɗa, manya ma sun sha. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge bayanai kusan gigabait 300 a sabar da ba ita ya nufa ba, aka duba hanyoyin ajiya biyar babu wadda ta fitar da su kunya yadda aka zata, aikin awa shida ya salwanta. Su ma ba a ɗauke musu wuta ba, ba su da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ba su san zafin Afrilu a shagon kwano ba.

Batun kuɗi ka gama shi tun allon yana ja. Da ya koma kore za ka ji, "Haba Injiniya, ai maɓalli ɗaya ka danna." Ka ce, "Ranka ya daɗe, a sayi batirin UPS." Zai ce sai bayan Sallah, ba zai faɗi wacce ba. Ya ba ka kuɗin mota, ya sa yaro ya ƙara maka da katin maganin ciwon kai guda biyu. Karɓi, ka duba ranar lalacewarsa.