Yadda Za Ki Ƙwaci Awa Guda Taki ta Kanki

Ba zan ɓata miki lokaci da cewa ki nemi littafin rubutu da biro ba. Kina da su, na ma san inda suke. Littafin yana ƙarƙashin katifa, shafukan farko cike da labarin da kika fara tun azumin bara, na gaba kuma lissafin adashi ya cinye su. Biron yana jakar makarantar autanki. Ni ma tun damina nake farautar awa guda tak, wadda ba ta miji ba ce, ba ta yara ba, ba ta dangi ba, don in ƙarasa wani labari da ke cina a rai. Abin da na sha a wannan farauta shi ya sa na ga ya zama wajibi in yi wa 'yan'uwana mata bayani tun da sauran numfashina.

Na ɗaya, ki daina sauraron masu bidiyon nan da ke cewa sirrin cigaba shi ne tashi ƙarfe huɗu na asuba. Ke yaushe kika taɓa wuce ƙarfe huɗu a kwance? Kafin ladan ya yi kiran farko kin ɗora ruwan wanka, kin jiƙa gasara, kin fara neman safar ƙafar yaro guda wadda ta ɓata tun jiya. Mai bidiyon yana zaune cikin ɗaki mai sanyi da kofin shayi a hannu, kuma bai taɓa faɗin wanda ya dafa masa shayin ba. A Kano, a watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40, bango yana fitar da huci har tsakar dare, barcin kirki ba ya zuwa sai wajen ƙarfe uku idan iska ta ɗan sauko. Wanda ya ce ki sadaukar da wannan ɗan barcin don ki zama wata aba, ki yi masa addu'ar shiriya ki wuce.

Na biyu, wuta. Ki yanke hukunci tun yanzu a kan abin da za ki yi idan an kawo ta, domin idan ta zo ba a tunani. Kin san yadda abin yake: ƙarfe biyun dare yaran layi su kwashe da ihu, gida ya tashi gaba ɗaya. Wannan na jona waya, wancan na jona fitila, a kunna injin jan ruwa, a jawo tulin guga, a tuna da kayan miyan da ke jiran markaɗe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareta ya koma kayan ado a gidaje da yawa, sai ranar suna ko in an yi baƙo na musamman, don haka duk aikin duniya ya taru yana jiran waɗannan 'yan mintoci. Shawarata ita ce ki bar gugar. Na rantse babu yarinyar da aka taɓa kora daga Islamiyya don hijabinta ya yamutse. Ki zauna ƙarƙashin fanka ki rubuta shafi ɗaya. In sun ɗauke kafin ki kai ƙarshen layi, to, ba ni da maganin wannan, kuma duk wanda ya ce yana da shi ƙarya yake.

Na uku, waya. A nan zan ɗan daɗe.

Ki ƙirga rukunonin WhatsApp da aka jefa ki ciki ba tare da an tambaye ki ba. Na dangin uwa, na dangin uba, na dangin miji, na dangin miji wanda babu uwar miji a ciki, na 'yan ajinku na sakandare, na matan layi, na Islamiyya, na iyayen yara a makaranta, na adashi. Sai kuma na kowane biki, wanda ake buɗewa wata biyu kafin ɗaurin aure, ba a kuma rufe shi har amarya ta yi yaye. Kowanne da gaisuwar Juma'a mai furanni, da hoton maganin da ke warkar da cuta arba'in, da saƙon da in ba ki tura wa mutum goma ba kin shiga uku. Sannan ga saƙon murya. Baiwar Allah za ta danna ta yi minti bakwai, huɗu na gaisuwa, ya gida, ya yara, ya zafi, ya muka ji da haƙuri, biyu tana tsawata wa wani yaro a gefenta, sai a na ƙarshe ki gane aron kula take so. Kuma ba ki isa ki saurara ki yi shiru ba, nan da nan za ki ga: "Hajiya na ga kin buɗe ba ki amsa ba, Allah ya sa dai lafiya."

Daga nan ake fitar da anko, kuma anko shi ne abin da ya fi ƙona min rai. A da atamfa ɗaya ce ta ishi biki. Yanzu ta kamu daban, ta wuni daban, leshin dina daban, ga gwaggwaro, ga kuɗin ɗinki, ga tela da zai ce ki dawo jibi har sai ranar biki da safe. Ki haɗa da gudunmawa da kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Na ga mata da idona, waɗanda da ƙyar suke haɗa kuɗin makarantar yara, suna cin bashi don kada a ce ba su yi kara ba. Kwana huɗu cur mace za ta yi tana zirga-zirga tsakanin gidan biki da gidanta, ta dawo ƙafa a kumbure, kai na sarawa saboda lasifika, aljihu wayam, a kuma wayi gari an turo katin wani. Zumunci a ƙafa yake, na yarda, ni ma da shi aka raine ni, kuma ranar da aka yi mana rasuwa waɗannan matan ne suka cika tsakar gidanmu suka ɗauke mana girki. Ba zan taɓa raina su ba. Amma wa ya ce zumunci sai an sayi yadi shida? Wace aya ce ta zo da dina? Ki je ɗaurin aure ko wuni da kayan da kike da su, ki yi addu'a, ki ba da abin da ya sawwaƙa, ki dawo gida da wuri. Za a yi maganarki kwana biyu. Da ma ana yi.

Na manta a lamba ta nawa muke. Wayar dai, ki kashe data ki sa ta cikin tukunyar da ba a girki da ita.

Sai ƙofa. Wannan ce babbar. Idan namiji ya shige ɗaki ya turo ƙofa, sai a ce wa yara su yi shiru, Baba yana hutawa. Idan ke kika yi, cikin minti biyar gidan ya shiga taron gaggawa. Za a ƙwanƙwasa a tambaya ko ba ki da lafiya. Kin ce lafiya lau, sai a ce ko ke da maigidan ne. Kin ce a'a, sai a yi murmushi a ce ko ƙaruwa muka samu. Kin ce rubutu kike, sai a yi tsit, a koma tsakar gida ana ƙus-ƙus, anjima ki ji ƙaurin hayaƙi yana shigowa ta ƙasan ƙofa, an fara yi miki maganin iska. Wata ma har ta ambaci asibitin Dawanau. Wanda bai ce kin zautu ba zai ce girman kai ne ya kama ki tun da kika fara boko. Ana cikin haka yaron maƙota zai rangaɗa sallama, wai in ji Mamansu a ba ta aron rariya, kuma wai in kina da ɗan maggi.

Wallahi abin nan yana min ciwo. Akwai matan da suka shekara ashirin a gidan aure ba su taɓa zama su kaɗai na rabin awa ba sai a banɗaki, can ɗin ma da ɗan yatsa yana leƙowa ta ƙasan ƙyaure. Mace tana da abin da ke damunta, ba ta da lokacin da za ta zauna ta gane mene ne shi, balle ta nemi mafita. Sai ya fito ta ciwon kai, ta rashin barci, ta faɗan da ba ta san dalilinsa ba, a ce ta cika mita. Alhali addininmu bai bar ɗaki a buɗe haka ba. Suratun Nur ta ware lokuta uku, kafin sallar asuba da tsakar rana da bayan isha'i, da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shigo, ta kuma koya wa mai ziyara cewa in an ce ya koma, ya koma ba tare da ya riƙe a zuci ba. Muna karanta wannan a Islamiyya, mu dawo gida mu banko labule.

Kuma kada wani ya ce miki mace mai keɓewa da alƙalami baƙon abu ce a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce mai 'ya'ya da hidimar babban gida, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru, jajojinta suna kai karatu ƙauyuka. Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tun tana yarinya ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya. Tun 2016 da BBC Hausa ta fara gasar Hikayata mata ke aika labarai daga ko'ina. Kowacce cikin waɗannan akwai lokacin da ta ce wa wani ya dakata tukuna.

Don haka ki ce. Amma ki iya faɗa. Maigida, ki same shi bayan ya ci ya ƙoshi, ba lokacin da ya shigo da ƙurar kasuwa ba, ki ce masa daga la'asar zuwa ƙarfe biyar na ranar kaza kina so a ɗauka kin yi tafiya. In ya ce ai ba wani abin da kike yi a gidan, ki ja numfashi, ki miƙa masa goyon ki shiga wanka, ki daɗe. Uwar miji kuwa ba a yi mata sanarwa. Ki kai mata goro da ɗan turare, ki ce Hajiya ki sa min albarka a wani aiki da na sa gaba. In ta sa, ita da kanta za ta riƙa korar miki yara daga bakin ƙofa, kuma babu mai ja da ita.

Akwai sauran shawarwari a kan cin abinci mai kyau da motsa jiki da shan ruwa, ku nema a wajen masu sanyin ɗaki. Wadda ta yi min aiki ita ce wannan: ki dubi layinku, akwai wata mace da ita ma take da littafi ƙarƙashin katifa, ko keken ɗinkin da ya yi ƙura, ko haddar da ta tsaya a izu goma. Ku yi musaya. Ranar Talata ki tura mata naki yaran, ranar Alhamis ta turo nata, kowa da kwanon abincinsa. Ku yi alƙawari tun farko cewa wadda aka karɓar wa yara ba za ta yi wanki a wannan awar ba, ba za ta tsince shinkafa ba, kuma in an kama ta da tsintsiya a hannu ta biya tarar lemo.