Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Teburin Ɗebi-da-Kanka na Sharm el-Sheikh

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan murafan tukwanenka suna rufe, 'yar wutar da ke ƙarƙashinsu kuma ba ta mutu ba. Mai wannan takarda wani baƙonka ne daga Kano, wanda ya yi kwana bakwai yana kawo maka gaisuwa sau uku a rana a wani otal na bakin Bahar Maliya. Ba lallai ka shaida shi ba, don jama'arka da yawa. Shi ne mai farar hular nan da ke tsayawa gaban kowace tukunya, ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya yi shiru, ya mayar. In har yanzu ba ka gane shi ba, tambayi kukun da ke soya ƙwai da safe. Ya san mutumin da ke zaro ƙullin yaji daga aljihu.

Tun a gida aka yi masa albishir da kai. Mai sayar da tikiti ya ce kwana da ci da sha duk suna cikin kuɗin, ba zai ƙara taɓa aljihunsa ba sai ranar dawowa. Ya hau jirgi daga Kano zuwa Alƙahira, ya sake hawa wani na kamar awa guda, ya sauka a ƙarshen yankin Sina'i. Yana isa otal aka ɗaura masa munduwar roba a hannu, irin wadda ake sa wa jarirai a asibiti don gudun musanye, aka ce ita ce shaidarsa a gabanka. Da ita ya yi wanka, da ita ya yi barci, ya yi ta murza ta sama da ƙasa duk lokacin alwala.

Daren farko kam ka ci shi da yaƙi. Tukwanen ƙarfe jere kamar kayan ɗakin amarya, kankana an sassaƙa ta ta koma tsuntsu, burodi iri-iri an gina shi kamar dala. Bawan Allah ya ɗora shinkafa a kan taliya, kifi a kan shinkafa, kaza a kan kifi, ya maƙala kek a gefe don kada ya ƙare kafin ya dawo. Ya zauna ya ci hannu baka hannu ƙwarya. A daren nan ya aika wa 'yan'uwa hotonka, wasu har suka yi masa addu'ar Allah ya maimaita.

Da yake mutum ne mai son sanin asalin wanda ya karɓi baƙuncinsa, ya bincika naka. Kakanka Bature ne. A 1936 Billy Butlin ya buɗe sansanin hutu a Skegness ta Ingila, inda kuɗi ɗaya ke biyan kwana da abinci sau uku da wasanni. A 1950 wani ɗan Beljiyam, Gérard Blitz, ya kafa tantunan da sojoji suka bari bayan yaƙi a bakin teku a Alcúdia ta tsibirin Mayoka, ya sa wa abin suna Club Méditerranée, ya ce kowa ya biya tun daga gida ya zo ya manta da lissafi. A 1981 Butch Stewart ya buɗe Sandals a Jamaika. Turkawa suka karɓa suka faɗaɗa, har lardin Antalya kaɗai ya karɓi baƙi fiye da miliyan 15 a 2023. Ka ga kenan gidanku babba ne, ba a raina shi.

Sai dai akwai wani abu a cikin wannan tsari da baƙonka bai fahimta ba sai a rana ta uku. Mai abincin sayarwa a bakin kasuwar Sabon Gari, duk faranti ɗaya da ta zuba riba ce, shi ya sa take murna in ka ce a ƙara. Kai kuwa an riga an biya ka tun watanni kafin baƙo ya iso. Duk lomar da ya kai baki daga ribar maigidanka take fita. Saboda haka sana'arka ita ce ka cika ido, ka cika ciki da wuri, da abin da ya fi araha. Da ya gane haka sai jerin tukwanenka ya zame masa karatu. Burodi da ganye a bakin ƙofa, sai shinkafa, sai taliya, sai dankalin Turawa kala uku: soyayye, dafaffe, da wanda aka kirɓa. Kafin mutum ya kai wurin nama farantinsa ya cika. Naman kuma, can ƙarshen layi, shi kaɗai ne ba ɗebi-da-kanka ba. An tsayar masa da wani dogon kuku da wuƙa, yana yanka shi fale-fale har ana iya hango fitila ta cikinsa. Mai tsire na Unguwar Fagge da zai ga wannan yanka, da ya nemi a koya masa.

Akwai kuma wata kaza da mai takardar nan ke son ka isar mata da gaisuwarsa. Sun fara haɗuwa ranar Litinin da dare, tana gasasshiya. Ranar Talata da rana ya same ta an yayyanka ta cikin farar miya da sunan Faransanci a kan ɗan kati. Da dare ta shiga shinkafa ta zama 'yar Sin. Ranar Laraba ya ɗaga wani yankin fiza, sai ga ta a ƙarƙashin cuku tana kallonsa. Ba ya zargin kowa da ɓarna, don shi ma ɗan gidan da ake cin ɗumame ne, kuma ya san tuwon jiya ya fi na yau daɗi in an iya ɗumama shi. Amma a gidansu ɗumame sunansa ɗumame. Ba a canza masa riga a ba shi fasfo.

Maganar kifi ta fi ba shi mamaki. Daga inda kake tsaye ana hango teku, kifaye masu launi kamar atamfa suna yawo a gindin duwatsun murjani. Sai ya ɗauka wanda ke cikin tukunyarka ɗan unguwa ne. Ashe waɗancan na kallo ne. Yankin Ras Muhammad da ke kusa an killace shi tun 1983, kuma su kifayen ne ma ke jawo masu ninƙaya daga Turai da Rasha. Farin kifin nan mara ƙaya, mara ɗanɗano, mai narkewa kamar auduga, irin wanda ake kira basa ne, da ake kiwo a kogin Mekong na Biyetnam a daskarar a zuba a jirgin ruwa. In an yi sa'a kuma a samu karfasa daga tafkunan kiwo na Kafr el-Sheikh, don Masar ce kan gaba a kiwon kifi a duk Afirka. Shi dai na Biyetnam ɗin ya fi baƙon da ke cinsa shan tafiya.

A nan dole a yi maka adalci. Garinka hamada ce da duwatsu, ko lambun albasa babu. Ruwan famfo daga teku ake tace shi. Tumatir da madara da gari manyan motoci masu firji ne ke kawo su daga wajen Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 500, ta ramin Ahmed Hamdi da ya bi ƙarƙashin mashigin Suwez. Ga shi a watan Satumban 2023 tsadar abinci a Masar ta haura kashi 70 cikin 100 a shekara guda, a watan Maris na 2024 kuma fam ɗin ƙasar ya faɗi daga kusan 31 zuwa wajen 50 a kan dala ɗaya. Kamfanonin yawon buɗe ido sun riga sun ƙulla farashin ɗaki da rahusa, ba za a rage girman wurin ninƙaya ba, ba za a kashe na'urar sanyaya ɗaki ba. Ina za a matse? Sai kicin. Shi ya sa abin da na'urarka ke tsiyayowa da sunan ruwan lemo bai taɓa haɗuwa da lemo ba, a ƙasar da ke cikin manyan masu fitar da lemo a duniya. Mai takardar nan ya san garin da ake kaɗawa, da shi ake shayar da yara ranar suna.

Yanzu maganar da ba a yi a gaban surukai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci mai zafi ya zauna sama da digiri 60, mai sanyi ƙasa da digiri 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Ɗan gwangwanin wutar da ke ƙarƙashin tukunyarka, wanda iskar ƙofa ke kashewa ba wanda ya lura, bai san da wannan doka ba. Shinkafa na cikin masu haɗari, don akwai ƙwayar cuta da ke sakin guba a cikinta in ta jima da ɗumi-ɗumi, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe gubar. Turawa sun raɗa wa abin da ke biyo baya suna ramuwar Fir'auna. Mai kemis ɗin bakin otal ba ya ma jiran bayani. Yana ganin baƙo ya shigo da sassarfa yana dafe da ciki zai miƙo kwalin Antinal. Baƙonka ya yi wannan ziyara a rana ta huɗu, ya wuni yana kai-komo tsakanin gado da bayan gida, teku kuwa sai ta taga.

Ko laifinka ne? Ya so ya ce eh, amma ya tuna da ƙanƙarar da ya zuba a ruwa, da rana da ya sha, da faranti huɗu da ya share a zama ɗaya. Ya kuma tuna an sha yi wa danginka ƙazafi. Akwai shekarun da masu hutu daga Birtaniya suka mayar da ciwon ciki sana'a, su dawo gida su kai ƙara a biya su diyya, har ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta ƙasar ta ce irin waɗannan ƙararraki sun ƙaru da kashi 500 cikin 100 daga 2013. A 2017 kotu a Libaful ta ɗaure wasu mace da namiji da suka ce abincin otal a Mayoka ya kwantar da su, alhali sun cika shafukansu da hotunan suna shan daɗi. Don haka ya bar maganar tsakaninsa da cikinsa.

Su ma baƙin naka, a gaskiya, ba su da bakin magana. Ya ga wani ƙato ya gina gauraye a faranti, ya ci loma biyar, ya tashi ya ɗauko sabo. Yaran da ke kwashe kwanuka, waɗanda yawancinsu suka baro iyali a garuruwan bakin Nilu suna kwana a gidan ma'aikata, su ne ke juye wannan duka a shara ba tare da sun ɗaga kai ba. A 2013 wasu masu bincike biyu daga Norwe suka buga sakamakon gwajin da aka yi a otal 52: an rage faɗin faranti da santimita 3, abincin da ake zubarwa ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Wata 'yar sanarwa da ke ce wa baƙi su riƙa ɗiba kaɗan suna dawowa ita ma ta yi irin wannan aiki. Ashe ƙaramin farantin da ka ba shi, wanda ya ɗauka rowa ce, magani ne aka yi wa irinsa.

Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami dai shi ne abin da ya gano bayan ya warke. Can a lungu, bayan injin shayi, inda Turawa ba sa tsayawa, akwai wata tukunya mai dogon wuya kamar tulu. Da ya karkata ta sai ga ful, waken Masarawa da ya kwana a kan wuta, a zuba masa mai da lemon tsami da kamun. Gefensa ta'amiyya, wato ƙosan su, kore shar a ciki, yana fitowa daga mai. Wata mata na zaune gaban tanda tana fitar da gurasa mai kumburi, irin wadda Masarawa ke kira aish, kalmar da ke nufin rayuwa. Ranar Alhamis, da ka ware a matsayin daren abincin gida, sai ga koshari, shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, wanda duk mai cin garau-garau zai gane ɗan'uwansa. Ga miyar mulukiyya, wadda ba kowa ba ce illa lalo. Ga bamiya, kuɓewa ce ta sha tumatir. Ga karkade, zoɓo tsantsa ba citta. Har Ummu Ali, wadda da guntattakin burodi da madara ake yin ta, ta fito a matsayinta ba ta ɓoye asalinta ba, kuma ita ce ta fara ƙarewa.

Waɗannan duk sun fi kifin Biyetnam araha, kukunka kuma tun suna yara suka iya su. To me ya sa sai dare ɗaya a mako, sauran shida kuma a tilasta wa ɗan Asyut ya yi taliyar Italiya da bai taɓa ci a gidan uwarsa ba?

A rana ta shida baƙonka ya yi maka tawaye. Ya ja hannun riga ya rufe munduwa, ya hau tasi zuwa Tsohuwar Kasuwa, ya yi magariba a Masallacin Sahabbai, ya shiga wani gidan kifi inda mutum ke nuna wanda yake so a ɗora a sikeli a gasa a gabansa. Ya biya daga aljihunsa, ransa na sosuwa don ya san kai ma an biya ka na wannan daren. Wannan sosuwar ran ita ce ke tsare dubban baƙi a bayan katangar otal, masu abinci da 'yan tasi na gari suna hamma. Gambiya ta taɓa jin haushin haka har ta haramta irin tsarinka a 1999, amma kamfanonin Turai suka ja baya da baƙinsu, ba a daɗe ba aka janye dokar. Ka ga ko gwamnati ba ta iya da kai ba.

Don haka roƙo ya zo da shi. A rage tukwane arba'in su koma goma sha biyar masu zafi. A fito da tukunyar ful daga bayan injin shayi a ba ta wuri a gaba. A sa wani ya riƙa duba 'yar wutar nan. Ita kuma kazar, in ta kai Talata, a sallame ta haka nan.

Da safiyar tafiyarsa yarinyar da ke karɓar baƙi ta sa almakashi ta yanke munduwar, ta bar masa farin zobe a fata inda rana ba ta taɓa ba. Ragowar yajin yana hannun kukun ƙwai, wanda ya ɗanɗana ya yi tari har hawaye, sannan ya tambaya ko akwai ƙari. A ce masa a kan ful ya fi dacewa, kuma rabin cokali ya isa.

Wassalam,
Baƙonka mai farar hula, na tebur na kusa da injin shayi.